Kawu ya zama kafinta

Assalamu alaikum mutumina,

Ya sanyin Ingila, ya madam da yaran? Wai kilishin nan da yajin da aka ba ɗan ajinku ya iso kuwa, ko a filin jirgi ya ƙare? Ka yi shiru kamar an aiki bawa garinsu, a group ma sai dai mu ga ka karanta ka wuce. To yau sai ka zauna ka karanta wannan har ƙarshe, don labari ne ya cika min ciki kuma akwai aiken da zan maka.

Kawu fa ya zama kafinta. Eh, Kawun da ka sani, mai Vespa, wanda ya kama mu a bayan gidan kallo. Ka san lokacin da ka tafi idon dama ne kawai ya tafi, to na hagun ma ya bi shi, yanzu sai dai ya bambance rana da dare. Hawan jinin ido ne, kuma likita a asibitin ECWA na Sabon Gari ya faɗa mana gaskiya tun farko, jijiyar da ta riga ta mutu ba ta dawowa, magani da aiki sai dai su tsare abin da ya rage. Ya ce ciwon yana bin dangi, kuma ba ya zafi balle mutum ya farga, shi ya sa duk mu ƴan gidan muka je aka gwada mu. Kai ma ka haura arba'in ko ka ƙi ko ka so, ka je a duba maka, kar ka ce min ba lokaci.

Wallahi halin da ya shiga bayan nan ba na son tunawa. Mutumin da ya yi shekaru yana koyarwa, kullum bakinsa bai rufuwa, ya koma zaure daga shi sai rediyo, abinci ma sai Hajiyarsa ta yi da gaske. Masallaci idan ba yaron da zai ja shi sai ya yi sallarsa a ɗaki yana hawaye. Abin da ya tashe shi ƙafar benci ce, bencin zauren nan da muke zama muna cin gurasa, ta dinga girgiɗi har ya gaji ya ce a kawo masa guduma da ƙusa. Hajiya ta ce sam, shi kuma ya ce ai ba hannunsa ne ya makance ba. Ya gyara ta, washegari ya ce a kira masa tsohon kafintan layinmu, suka kulle a zaure har la'asar.

Da ma ka ga yadda yake aikin, ni kan na zauna ne kawai ina kallo. Fensir ba shi da amfani a gurinsa, da bakin wuƙa yake jan layi a jikin katakon sai ya bi da farce ya ji inda ya tsaga. Awo kuma yana da sanduna da aka yanka masa daidai, ta inci 6, ta ƙafa 1, ta ƙafa 2, kowacce da yawan tsagar da aka yi mata a kai don ya gane ta. In zai yanka sai ya ɗaure wani guntun katako miƙaƙƙe a kan layin, zarton ya jingina da shi ya bi, kuma da kunne yake sanin ya kusa cinyewa don ƙarar tana canzawa, sai ka ga ya sassauta hannu ya tallafe guntun da zai faɗi. Ƙusoshinsa suna manne a mayen ƙarfen wata tsohuwar sifika, ba ya neman ko ɗaya a ƙasa, in zai buga kuma da filaya yake riƙewa har ta kama. Doka ɗaya ce a zauren, kar wanda ya ɗauki abu ya ajiye a inda ba gurinsa ba, autan gidan ya sha faɗa a kan sanfefa.

Rannan na kai shi ƴan katako a Na'ibawa. Mai shagon ya miƙo falanki ya ce maɗaci ne, Kawu ya ɗaga ya ji nauyi, ya sa farce, ya kai hanci, ya ce ɗana wannan malaina ce. Sai da mutumin ya yi dariya ya ce Baba ka fi masu ido gani, ya shiga ciki ya ɗauko na gasken. Haka yake bi da tafin hannu yana gano kulli da tsagewa da inda falankin ya murɗe. Duk wani babban yanka a can ake masa da inji, gida sai aikin hannu, wannan ce yarjejeniyarsu da Hajiya don har yanzu kullum da daddare sai ta duba yatsunsa. Ni ban ga laifinta ba, amma ina bayan Kawu ɗari bisa ɗari, ko da zai ɗan yanke nan da can ya fi min zaman da yake yi a da.

Af, ka ji mutumin naka na Gwammaja ya ƙara aure? Mai cewa shi da ɗaya har abada. An ɗaura bayan Juma'a, ya ce in gaya maka gudummawarka da fam yake so ba da naira ba. Kawu ne ma ya yi wa amarya kujera ƴar tsugunne guda biyu, sumul, mata suna ta shafawa suna salati.

Yanzu ya ƙware a allo da mariƙin Alƙur'ani. Allon ya ce sai itacen aduwa kamar yadda masassaƙa suka saba, kuma kyauta yake ba almajiran makarantar bayanmu, bai karɓi ko sisi ba, ya ce fanshonsa ya ishe shi, shi daɗin abin yake ji. Akwai daren da aka ɗauke wuta na shiga zauren da fitilar waya, na same shi cikin duhu yana ta gugar allo yana bitar Tabara, sai na kashe fitilar na zauna. Abin da ke ɓata min rai masu zuwa suna cewa Allah sarki, da me zai wahalar da kansa. Wani har cewa ya yi makaho ai addu'a ce tasa. Kawu bai tanka ba, ni ne na kasa haƙuri. Burinsa ma yanzu ya samu yara biyu ko uku daga makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki su dinga zuwa ranar Asabar yana nuna musu, ya ce tunda Buhari ya sa hannu a dokar masu buƙata ta musamman a 2019 ai sai kowa ya kawo abin da zai iya.

To ga aiken. Wayarsa tana masa karatu da manhajar TalkBack, a nan ya ji yadda makafin kafintoci suke yi a Amurka. Akwai wani ma'auni sunansa Click Rule, ƙarfe ne da ake ja yana ƙas ƙas, kowane ƙas ɗaya bisa 16 na inci ne, mutum ya ƙirga da kunne da yatsa, kuma ana ƙara masa tsawo da wasu sanduna. Shi yake so, in ka samu da tef mai magana ka haɗo. Ya kuma ji labarin injin yankan katako na SawStop wanda yake tsayawa cak da zarar ya taɓa fatar mutum, amma wannan na ce masa ya bari tukuna, kuɗinsa da kuɗin kawo shi sun fi ƙarfinmu, kuma Hajiya ba za ta yarda ba ko kyauta ne.

Ka duba farashin ka turo min, ni da su Yaya za mu haɗa, kar ka ce za ka biya kai kaɗai don na san halinka. Kuma ya ce ka auno masa tsawon babban ɗanka daga ƙasa zuwa gwiwa, teburin karatu da kujera zai yi masa kafin ku zo hutu. Ka gaida madam, ka ce mata Hajiya tana tambayar maganin ƙafar nan.

Naka har kullum,
abokinka na Kano