Cokalin awo ba cokalin shan shayi ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana da 'yan uwana mata, da kuma masu rubuta mana shafin girke-girke, a kan wani ƙaramin abu da ake raina shi a ɗakin girki, wato cokulan awo da wurin da ya kamata a ajiye su. Sana'ata yin kek da cincin da fanke na biki da suna, ina kuma koya wa 'yan mata masu shirin aure a gidana, saboda haka abin da zan faɗa abu ne da nake gani da idona kullum.

Kusan duk amaryar da aka kai yanzu akwai cokulan awo a cikin kayan kicin ɗinta. Iyaye suna saya a kasuwar Sabon Gari ko ta Rimi tare da tukwane da kuloli, a jera. Amma in ka koma gidan bayan an kwana biyu ka ce a miƙo maka na rabin ƙaramin cokali, sai an zazzage durowa gaba ɗaya. Ko dai suna nan a ledarsu ba a taɓa buɗewa ba, ko kuma sun watse: ɗaya yana cikin gwangwanin madarar yaro, ɗaya ya faɗa bayan kabad, ɗaya yara sun fita da shi tsakar gida suna tuwon ƙasa. Uwargida kuwa ga kwaɓi a gabanta, hannu duk fulawa, ba za ta tsaya nema ba. Sai ta zaro cokalin shan shayi ta ɗebi bekin foda. Daga nan matsalar take farawa, kuma sau da yawa murhu ko fulawa ake ɗora wa laifi.

Na san abin da iyayenmu za su ce: ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiyarsu ne, kuma ban zo in raina hannun uwa ba. Tsohuwar da ta shekara arba'in tana kaɗa miyar kuka ba ta bukatar a auna mata daddawa ko gishiri, yatsunta uku sun san aikinsu. Miya tana karɓar gyara. In gishiri bai ji ba a ƙara, in ya yi yawa a ƙara ruwa. Kek ba ya karɓar gyara. Da zarar ya shiga wuta magana ta ƙare. Bekin foda in ya yi yawa kek zai kumbura da sauri ya faɗa a tsakiya, ya bar ɗaci a harshe. In ya yi kaɗan sai ya fito a cushe da nauyi. Bekin soda kuma ƙarfinsa ya ninka na bekin foda wajen sau uku, shi ya sa ake auna shi da kwata ko rabin ƙaramin cokali, kuma ɗan ƙari kaɗan yake sa abu ya yi ɗanɗanon sabulu ya yi duhu. Duk wadda ta taɓa zarce kanwa a danwake ta san irin abin da nake nufi. Da tsadar fulawa da ƙwai da bota a yau, kwaɓi ɗaya da ya lalace asara ce da ake ji a jiki.

Ga yadda ma'aunin yake ga wadda ba ta sani ba. Ƙaramin cokalin awo mililita 5 ne. Babban cokali mililita 15 ne, wato ƙarami uku ke cika babba ɗaya. Akwai rabin ƙarami mai mililita 2.5, da kwata mai 1.25. A jikinsu za ki ga an rubuta tsp a kan ƙaramin, tbsp a kan babban, kuma harafi ɗayan nan da ya bambanta su ya lalata girkin mutane da yawa, domin wadda ta karanta babba a wurin ƙarami ta ninka abu sau uku ke nan. Masu bin girki a waya su ƙara lura: babban cokalin Ostareliya mililita 20 ne, kofin awo na Amurka kuma kusan mililita 240 ne, a wasu ƙasashen 250. Cokulan da muke cin abinci da su kuwa babu wata doka a kan girmansu. Kamfani yana ƙera su ne don kyau da daɗin riƙo. Ki ɗauko cokulan shayi uku daga gidaje uku, da wuya biyu su zo daidai.

To, a ina za a ajiye su?

Abu na farko da nake sa ɗalibaina su yi shi ne su cire zoben da ya haɗa cokulan. Na san wasu za su yi gardama, su ce zoben ne ke hana su ɓata. Amma ki duba abin da ke faruwa: kin auna filebo da ɗaya, sauran ukun suna reto suna shafar kwaɓi, dole ki wanke duka huɗun, kuma in kina bukatar na yis a lokacin sai kin jira ya bushe. Zoben yana da amfani a shago da kan hanya. A kicin yana hana aiki. Abin da ke hana cokali ɓata shi ne ya kasance yana da wurinsa na kansa, wanda in ba ya nan ido zai gani nan take.

Ni a kicin ɗina wani siririn katako na sa kafinta ya buga min a bayan ƙofar kabad ɗin da nake ajiye fulawa da sukari, ya sa ƙananan ƙugiyoyi a jere. Kowane cokali da ƙugiyarsa, daga babba zuwa ƙarami, hagu zuwa dama, kuma a saman kowace ƙugiya na rubuta girmansa da maka. Ina buɗe ƙofar suke kallona. In ƙugiya ɗaya ta zauna fayau, na san akwai wanda bai dawo daga wanke-wanke ba, sai in nema tun kafin a zubar da ruwan wanki a kwata. Ƙananan nan, na kwata da na rabi, a nan suka fi salwanta. Ban ba da shawarar ƙugiya mai manne da gam ba. Zafin watan Afrilu da tururin tukunya suna narkar da gam ɗin, wata rana ki tarar da komai a ƙasa. Ƙusa ko sukurun da aka ɗaure a katako ya fi. A kuma auna kafin a buga, kada cokulan su riƙa karo da katakon kabad ƙofa ta ƙi rufuwa.

Kada a rataye su a fili kusa da murhu don ado. Maiƙo yana hawa kansu, ƙurar hunturu ta manne, sai kin wanke kafin kowane amfani, kuma cokalin da sai an wanke shi kafin a ɗauka ba a cika ɗaukarsa ba.

Ba kowa ke da kabad ba, na sani. Yawancin matanmu a tsakar gida suke girki, ko a madafin da ake haɗawa da kishiya ko matan 'yan uwan miji. Wannan ba ya hana tsari. Ki nemi doguwar roba mai murfi ko gwangwanin madarar gari da ya ƙare, ki wanke ki shanya, ki tsayar da cokulan a ciki marikinsu na sama yadda za ki karanta rubutun ba sai kin juye ba. Murfin yana tsare su daga ƙura da kyankyasai. Ki ajiye a ɗakinki tare da kayan kek ɗinki, ranar da za ki yi aiki ki fito da shi, ki gama ki ƙirga ki mayar. Sharaɗin ɗaya ne: kada cokalin cin abinci ko guda ya shiga wannan gwangwani, kada kuma na awo ya shiga kwandon cokula. Tela ba ya jefa tef ɗinsa cikin tarin ƙyallaye.

Wadda take da hali ta sayi saiti biyu, ɗaya na busassun kaya ɗaya na masu ruwa, kamar mai da zuma da filebo. Jiƙaƙƙen cokali in ya shiga gwangwanin bekin foda yana sa ya dunƙule ya rasa ƙarfi, haka ma yis. Ni na ƙarfe nake amfani da su wajen kori da kurkur da mai, domin roba tana riƙe wari da launi, kuma ba wanda ke son kek mai ƙanshin kori. Akwai kuma abubuwan da nake bar wa cokalinsu a ciki dindindin, kamar gishiri. A nan na roba ya dace, don gishiri yana cin ƙarfe, musamman da damina in ya ja danshi.

Wajen saye a duba waɗanda aka zana girman a jikin ƙarfen, wanda za ki ji da yatsa. Na fenti wanki kaɗan yake goge shi, a bar ki da cokula huɗu marasa suna. In naki sun riga sun goge, ɗigon jan farce a mariki ya isa: ɗigo ɗaya, biyu, uku, yadda za ki gane. A kuma gwada su, don masu araha da yawa ba su cika awonsu ba. Sirinji mai mililita 5 marar allura daga kemis ya isa gwaji. Ki zuƙo ruwa ki zuba a ƙaramin, ya kamata ya cika daidai baki. Ki zuba sau uku a babban. Wanda ya gaza ko ya zarce sosai, a mayar da shi na zuba sukari a shayi.

Malam Edita, abin da ya fi damuna har na ɗauki alƙalami ya wuce kek. Maganin yara ne. Ana rubuta wa uwa sirop a ce mililita 5 sau uku a rana, ko a ce mata cokali ɗaya, ta dawo gida ta ɗauki cokalin da ya fi kusa da hannunta. In ƙaramin na shayi ne, yaro bai sami abin da ya kamata ba, ciwo ya ƙi tafiya. In babban na cin shinkafa ne, ta ba shi ninki biyu ko uku, kuma farasitamol in ya yi yawa hanta yake taɓawa. Ɗan kofi ko cokali ko sirinjin da ke zuwa cikin kwalin magani, wurinsa jikin kwalbar. A wanke shi, a ɗaure da roba a wuyan kwalbar, a ajiye inda hannun yara ba ya kai. Kada ya shiga kicin ko kaɗan, don ranar da ya shiga kwandon wanke-wanke ya tafi ke nan. In magani bai zo da ma'auni ba, a nemi sirinji a wurin mai kemis kafin a baro shagon.

Haka ruwan gishiri da sukari na mai gudawa. Wanda ya fi shi ne na ƙullin da ake bayarwa a asibiti ko ake saya a kemis, a haɗa da adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. Amma gudawa ba ta zaɓar lokaci, tana iya kama yaro da tsakar dare. Haɗin gida da ma'aikatan lafiya ke koyarwa shi ne ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu masu santilita 50. Duka a shafe, ba mai tozo ba. In gishirin ya zarce, yaron da ake son ceto shi ake ƙara wa haɗari. Uwar da cokalinta na rabi yake rataye a ƙugiyarsa za ta iya wannan haɗin da hasken tocila cikin minti biyu, kafin gari ya waye a kai shi asibiti. Wadda nata ya ɓata sai dai ta yi kirdado a kan ran ɗanta. Gidan da ake da mai hawan jini ma cokalin yana da aiki, tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babban mutum zai ci a yini kada ya kai giram 5, abin da bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba, kuma har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano.

A shafe da nake ta faɗa, ga yadda ake yi: a cika cokalin, a bi samansa da bayan wuƙa a zubar da rarar a cikin gwangwani. Shi ya sa nake rataye wata 'yar wuƙar bota marar kaifi a ƙugiyar ƙarshe, kusa da na kwata. Cokali mai tozo yana iya ɗaukar kusan ninkin wanda aka shafe, musamman a abu mai laushi kamar koko ko bekin foda.

Roƙona ga masu rubuta shafin girki a jaridarku shi ne su taimaka mana. Sau da yawa nakan karanta “fulawa gwangwani huɗu, yis cokali ɗaya, bekin foda kaɗan”. Wane gwangwani, na madarar ruwa ko na tumatir? Wane cokali? Kaɗan ɗin wa? Mai rubutun ta san abin da take nufi domin a kicin ɗinta ta gwada, amma yarinyar da ke karantawa a Gusau ko Maraɗi ba ta ga cokalinta ba. Mun saba da cewa mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, kada mu kawo wannan ruɗanin cikin rubutaccen girki. A rubuta ƙaramin cokalin awo ko babba, a sa mililita a gefe, a faɗa ko a shafe ne. In gwangwani za a ambata, a faɗi giram ɗin da ke rubuce a jikinsa. Ina kuma roƙon a ware mako guda a buga hoton cokulan nan huɗu da girmansu, yadda mata za su yanke su manna a ƙofar kabad.

Iyaye masu haɗa kayan ɗaki kuma, in kun saya, ku sa kafintan da zai kafa kabad ya buga ƙugiyoyin tun ranar jere, a cire cokulan daga leda a rataye kafin amarya ta tare.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Taku,
Mai sana'ar kek da cincin, daga unguwar Gwammaja, Kano