Makafin Alabama Mawaƙa Ne, Ba Abin Tausayi Ba

Zuwa ga Edita,

Ina yi muku barka da aiki. Shirinku na daren Lahadi a kan mawaƙan bisharar nan, Blind Boys of Alabama, ya ɓata mini rai ƙwarai, domin daga farko har ƙarshe mai gabatarwa bai daina jajanta makantarsu ba, har waƙar da ya sa mana ya riƙa katse ta don ya ƙara tuna mana cewa ba sa gani.

Yaran da suka fara haɗa murya a 1939 a makarantar makafi baƙar fata ta garin Talladega a jihar Alabama ta Amurka, suka bar makarantar a 1944 suka kama yawon waƙa coci-coci a kudancin Amurka lokacin da wariyar launin fata ta hana baƙi shiga otal da gidan abincin Turawa, ba su cancanci a yi musu wannan ba. Da shahararren mawaƙi Sam Cooke ya bar waƙar bishara a 1957 ya koma waƙar duniya ya yi kuɗi, su ma an yi musu tayi, amma jagoransu Clarence Fountain ya ƙi, suka zauna a kan bishararsu har lambarsu ta farko ta Grammy, babbar lambar yabo ta mawaƙa a Amurka, ta iso su a 2002. Ko kalma ɗaya ba ku faɗa ba a kan wannan tsayin daka na shekara sittin.

Yayana makaho ne, a makarantar makafi ta Gindiri ya yi karatu, kuma shi ne yake koyar da ƙungiyar mawaƙan cocinmu. Idan mutum ɗaya ya kauce a cikin muryoyi talatin, sai ya buga sandarsa a ƙasa, ya kira sunan mai laifin ba kuskure. Tare muka zauna sauraron shirin, domin ya daɗe yana son waƙoƙinsu, amma kafin a kai rabi ya miƙa hannu ya kashe rediyon, ya ce ya ji irin wannan magana ta ishe shi a tashar mota.

Ina roƙon ku maimaita shirin, ku nemi wanda ya san waƙa ya gabatar, ku kuma bar waƙoƙin su kai ƙarshe.

Na gode,
Mai sauraronku daga Kafanchan