Sanarwa kan yara da wutar lantarki

Assalamu alaikum ƴan uwa. Damina ta kankama a Sakkwato, iska na tsinka wayoyi, yara kuwa sun fi son wasan ruwa. Don Allah kowa ya ja wa nasa kunne: wayar da ta faɗo kada a taɓa, kada a taka ruwan da ke kusa da ita, ko an ɗauke wuta, don ba ta sallama idan za ta dawo.

Iyaye mata, hita a bokiti ta fi ba ni tsoro, yaro kan tsoma hannu ya ji zafin ruwa. Idan wutar cikin gida ta ja yaro, a kashe ta daga tushe, ko a ture shi da busasshen katako, sai asibiti.