Masu shagunan kwamfuta, ku duba kebul kafin ku sayi data

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu shagunan kwamfuta da masu haɗa bidiyon biki a nan Sakkwato.

Gyaran kwamfuta ne sana'ata, kuma kukan da na fi ji shi ne an tura fayil daga wannan kwamfuta zuwa waccan, duk a shago ɗaya, amma yana tafiyar hawainiya. Nan take sai a ce babu sabis, har a ƙara sayen data. Asarar nan tana yi mini ciwo, domin kwamfutocin da kebul ya haɗa ta suwic ɗaya, wato ɗan akwatin da kebul ɗin kowace kwamfuta ke shiga, ba sa bi ta intanet ko kaɗan.

Yawanci matsalar tana jikin kebul ɗin. In ka fere shi za ka ga siraran wayoyi takwas. Gudun megabit 1000 a daƙiƙa sai da takwas ɗin duka, amma huɗu sun ishi megabit 100. To in ɗaya daga sauran huɗun ta tsinke, ko wanda ya matse kan RJ45, wato bakin kebul ɗin da ake sokawa a kwamfuta, ya yi aikin gaggawa, fitilar da ke wurin soka kebul za ta ci gaba da ƙyaftawa kamar lafiya lau, alhali gudun ya faɗo 100. Bidiyo mai gigabait 20 da ya kamata ya wuce cikin kusan minti 3 sai ya ci rabin awa, mai aiki na zaune yana jira.

A wani shago a Mabera na tarar an bi da kebul ta saman kwano, zafin ranar garin nan ya busar da robar har ta tsattsage. Da na kankare waya ɗaya sai ga fari a ciki: alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Muka sa kebul nau'in Cat6 na gaske, mai jan ƙarfe zalla, magana ta ƙare.

In kebul lafiya yake, a duba suwic. Wanda aka rubuta wa 10/100 ba zai taɓa wuce 100 ba. Wi-Fi kuma bai kai kebul ba wajen manyan fayil, hotuna masu ɗimbin yawa kuwa gara a dunƙule su a zip, wato a haɗa su cikin fayil ɗaya.

Ku kuma abokan sana'ata masu jan kebul, don Allah ku riƙa yawo da na'urar gwaji, ku nuna wa mai shago fitilu takwas sun kama kafin ku karɓi kuɗinsa.

Naka,
Wani mai gyaran kwamfuta,
Runjin Sambo, Sakkwato