Giɓin naira hamsin-hamsin da nauyin baki sun hana ni sukuni a wurin aiki

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Malam.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ina roƙon Allah ya saka maka da alheri kan yadda kake warware wa jama'a matsalolinsu a wannan fili. Wasiƙun da nake ji ana aiko maka galibi kan manyan al'amura ne, irin su rikicin aure da rabon gado, shi ya sa na daɗe ina jinkirin rubuto tawa. Sai dai abin ya ci gaba da cin raina, kuma na tabbata akwai yaran shago da akawuna da yawa a garin nan da ke fama da irinsa ba tare da sun sami wanda za su faɗa wa ba.

Ni magidanci ne, ina zaune a Rigasa ta Kaduna da iyalina, ina kuma aikin akawu a wani shagon sayar da kayan masarufi a kan sari a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Ni ke riƙe da littafin ciniki, ni ke karɓar kuɗi da ba da canji, idan an tashi da yamma kuma ni ke zama da maigidana mu yi lissafi. Ƙa'idar da na tarar, na kuma amince da ita tun ranar da na kama aiki, ita ce duk giɓin da aka samu tsakanin littafi da kuɗin da ke hannu daga albashina ake cire shi. Ban ga laifin ƙa'idar ba, domin dukiyar mutum amana ce. Damuwata ita ce ƙofofin da giɓin ke shigowa ta cikinsu, waɗanda kowacce ƙarama ce ƙwarai, har mutum kan ji nauyin buɗe baki a kanta.

Canji shi ne na kullum. Takardun naira 5 da 10 da 20 sun kusa ɓacewa daga hannun jama'a, naira 50 ma sai an zagaya layi ana nema. Mutum zai sayi kayan naira 12,350, ya miƙo 12,300, ya ce ai ba zan tsare shi a kan hamsin ba, alhali mai baro ya riga ya ɗora katan-katan ya kama hanya. Wani kuma canjinsa 150 ne, babu hamsin a hannuna, sai in ba shi 200 bisa alkawarin zai cike gobe, goben kuwa ba ta zuwa. Abin da na lura da shi shi ne, da safe a Bakin Ruwa mai keke yana riƙe min hamsin saboda babu canji, da rana a shago ni nake yafe hamsin saboda babu canji, duk ta inda aka juya daga aljihuna take fita.

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan da Babban Banki ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1000, yawancin masu sari sun koma tura kuɗi ta waya. Tsarin ya rage mana fargabar ajiye tsabar kuɗi, amma ya zo da nasa. Mutum zai nuna min fuskar wayarsa ya ce ya tura, ni kuwa alat bai shigo ba, ga jama'a tsaye a bayansa, idan na ce ya dakata sai ya ce ina nufin zai cuce ni. Mafi yawan lokaci kuɗin kan shigo daga baya, amma wani sa'in su koma asusunsa, sai in shiga bin sa da kira da katina.

Wanda ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne bashin da ba a yarda a kira shi bashi. Maƙwabtanmu na layi da 'yan'uwan maigida da abokansa sukan shigo idan ba ya nan, wannan ya ce a ɗauko masa katan ɗin taliya ya riga ya yi magana da Alhaji, wancan ya ce a ba shi jarkar man gyaɗa yanzu zai aiko yaro da kuɗin. Kwanakin baya wani dattijo, aminin maigidana, ya sa aka fitar masa da buhun sukari, da ya ga na ɗauki biro sai ya ɗora tafinsa a kan littafin ya ce, "Haba ɗana, ni da Alhaji tun kafin a haife ka muke tare." Mutumin ya yi sa'an mahaifina, ga idon mutane a kanmu, ban iya ce masa komai ba. Da yamma maigida ya ce shi bai san da zancen ba, kuma ba zai iya ɗaga waya ya tambayi amininsa kuɗin buhun sukari ba. Dattijon ya biya bayan an ɗauki lokaci, amma a farashin da shi ya tuna, ragowar kuwa ni na cike.

Wannan ne ke ɗaure min kai, Malam. Tun muna makarantar Islamiyya aka karantar da mu cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, kan bashi ta sauka, ta yi umarni a rubuta shi, ta kuma hana a ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba. Amma a kasuwa, a tsakanin mutanen da muke sahu ɗaya da su a masallaci, rubuta sunan mutum a gabansa ya zama tamkar zargi. A ganina rubutun nan mutuncin kowa yake karewa, har da na mai karɓar kayan, domin shi ke hana a yi musu gobe.

A da ina iya shanye irin wannan ban ji a jikina ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, daga baya a ƙarshen 2024 ta wuce 1000, kuɗin keke daga Rigasa zuwa cikin gari ya bi ta, kayan cefane ma haka. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, mu kuwa ba mu kusa kai wa ba. Tsakani da Allah maigidana ya yi min ƙari, kuma mutum ne mai kyautatawa, da azumi da sallah ba ya mantawa da iyalina. Amma da yayyafi kogi kan cika, abin da ake cirewa a ƙarshen wata yakan kai kuɗin tarar yarana na makonni.

Na nemi shawarar na kusa da ni, kowa da inda ya dosa. Wani abokin aikina ya ce in riƙa ɗora ɗan abu a kan farashin baƙin da ba su san kasuwa ba don in cike giɓin, na ce masa ba zan ciyar da 'ya'yana da wannan ba. Maiɗakina tana ganin in fito fili in faɗa wa maigida, in ya ƙi in nemi wani wurin. Yayana kuwa cewa ya yi in yi haƙuri, ya tuna min halin da magidanta suka shiga bayan an rufe masaƙun Kakuri, ya ce mai aiki a hannu a wannan zamani ba ya wasa da shi. Ina ganin gaskiyar maganarsa, sai dai haƙurin bai hana ni komawa gida da ƙunci ba. Lissafi na bin ni har cikin salla, kuma na fara kallon duk wanda ya shigo shago da fara'a a matsayin wanda zai bar min giɓi, alhali ba halina ba ne zargin mutane.

Don haka nake neman ka haska min hanya. Ta yaya zan tunkari maigidana da zancen nan ba tare da ya ɗauka ina ƙorafi kan 'yan'uwansa da aminansa ba? In same shi ni kaɗai bayan an rufe shago, ko in nemi wani babba da yake jin nauyinsa ya shiga tsakani? Ina tunanin roƙonsa ya sanar da mutanensa da bakinsa cewa kaya ba sa fita sai an rubuta ko shi ya kira ni, domin in daga gare shi umarnin ya fito, babu wanda zai ga baƙina. Kafin hakan ta samu, wane lafazi zan yi amfani da shi ga dattijon da ya haife ni idan ya hana ni rubutu, wanda zai kare littafina bai zubar masa da girma ba?

Akwai kuma ɓangaren shari'a, wanda ya fi tsaya min a rai. Na sha jin malamai suna cewa wanda aka ba amana ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai idan da sakacinsa ko ƙetare iyaka. To, idan kunyar babba ce ta sa na saki kaya ban rubuta ba, ko rashin canji ya sa na yafe hamsin don kada ciniki ya tsaya, wannan sakaci ne da ya wajaba in biya, ko kuwa asarar kasuwa ce da ya kamata shago ya ɗauka? Idan ni ke da alhakin, zan ci gaba da biya da zuciya ɗaya, idan kuma ba ni ba ne, ina so in san hujjar da zan je wa maigidana da ita cikin ladabi.

Ina roƙon a sakaya sunana. Allah ya ƙara maka lafiya da basira.

Wassalam,
Wani akawu daga Rigasa, Kaduna.