Sandar Gurgu Daga Gindi Take Mutuwa

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan abin da na fi kowa sani a gidanmu, wato sanda. Ni tela ne a Fagge. Cutar shan inna ta shanye min ƙafar dama tun ina ɗan shekara uku, da hagu nake taka keken ɗinki, kuma yau sama da shekara talatin ke nan ina dogara sanduna biyu.

Duk ranar 3 ga Disamba, Ranar Nakasassu ta Duniya, sai jaridu su cika da hotunan manya suna raba mana sanduna, an jibge su a gefe cikin leda kamar damin rake. Allah Ya saka musu da alheri, ban raina ba, ni ma na taɓa shiga layi na karɓa. Sai dai a ranar ba wanda ya auna ko mutum ɗaya. Dogo da gajere, ƙato da yaro, duk abu ɗaya aka miƙa mana, aka ɗauki hoto, aka watse. Ni da ko wandon ɗan makaranta ba na yankawa sai na ɗora tef, abin ya tsaya min a rai.

Sandar da na karɓa ta alminiyam ce, marar nauyi, har ƙyalli take yi. Ba ta cika wata biyu ba ta kayar da ni. Wata Juma'a na gama alwala a wajen famfo, inda aka shimfiɗa tayil mai sulɓi, na dafa sandar dama zan miƙe, sai kawai na ji ƙiii, ta zame ta yi gaba ni na yi baya. Haƙarƙarina ya bugi gefen dakali, buta ta yi nata wuri, hulata ta faɗa kwata. Mutane suka taru ana ta sannu Malam, sannu Malam. Da na juya gindin sandar sai na ga bakin bututun ya huda robar ya leƙo, ashe tun kwanaki ƙarfe nake takawa a ƙasa ban sani ba. Sati uku ban hau keke ba, ga ɗinkin mutane jibge.

Mai ƙafa biyu idan ya kalli sanda, jikinta yake gani. Mu gindinta muke kallo. Sanda ba a miƙe take sauka ƙasa ba, a karkace take sauka, don haka gefe ɗaya robar ke cinyewa, kamar dunduniyar takalmin mai tafiya a gicciye. Daga ciki kuma bakin bututu yana yankarta a duk taku. Roba ta gari ana saka mata ɗan faifan ƙarfe a ciki don ya tare bakin bututun, amma galibin waɗanda ake kawo mana ba su da shi. Mai facin da ke bakin layinmu ne ya gano min dabara: ya jefa tsohon kwabo cikin robar kafin ya cusa sandar, sannan ya yanko tsohuwar tayar babur ya liƙa a ƙasa. Ba kyan gani, amma ta ninka ta kanti daɗewa. A wurina wannan bawan Allah injiniya ne, takarda ce kawai ba shi da ita.

Kafin ta alminiyam, ta katako nake riƙewa, irin mai shiga hammata, wadda wani kafinta ya yi min da ido. Ta yi min tsawo, sai na saba rataya nauyina duka a kan hammata. A hankali yatsun hannuna suka fara mutuwa, almakashi yana suɓuce min, wuyan hannun ya ƙi ɗaguwa. A gida har an fara cewa iska ce ta dawo ta ƙarasa aikinta. A sashen gashi na Asibitin Ƙashi na Dala aka yi min bayani cewa akwai jijiyar da ta ratsa ta hammata ta sauka har yatsu, ita nake dannewa dare da rana. Suka nuna min ƙa'ida: a bar tazarar yatsu biyu zuwa uku tsakanin hammata da kan sanda, mariƙin ya zo daidai wuyan hannu idan an saki hannu, gwiwar hannu ta ɗan lanƙwashe, nauyi kuma a tafin hannu yake sauka. Bayanin bai ci minti biyar ba. Da an yi min shi tun ina yaro, da ban sha wannan wuyar ba.

Ɗan yayata da ke karatun injiniya shi ya zaunar da ni wani dare yana nuna min a waya yadda sanda ta sassauya a duniya. Ya fara da hoton wani dutse da aka sassaƙa a Masar sama da shekara 3,000 da suka wuce: mutum ne da shanyayyiyar ƙafa, ya dogara doguwar sanda. Na daɗe ina kallonsa, don ƙafarsa sak tawa. Daga zamaninsa har zuwa ƙarnin da ya shige, abin bai yi wani nisa ba. A 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani injiniya Bafaranshe, Emile Schlick, ya yi rajistar sanda mai tallafe hannu maimakon ta tokare hammata. A shekarun 1940 wani Ba'amurke, Lofstrand, ya fito da wadda ake ƙara wa tsawo a rage. Ita ce mai zobe a damtse da muke gani yau, irin wadda nake riƙe da ita yanzu.

Waɗanda suka fi burge ni su ne masu irin lalurarmu. Thomas Fetterman, wanda shan inna ta kama yana yaro a Amurka, da kafaɗunsa suka gaji da dukan ƙasa sai ya ƙirƙiro robar gindi mai wani abu mai taushi a ciki, tana shanye girgizar taku, tana kuma lanƙwasawa ta kwanta a ƙasa ko da sandar ta sauka a karkace. Sarah Doherty, wadda mota ta raba da ƙafa ɗaya tana 'yar shekara 13, ita da abokin aikinta suka ƙera sandunan SideStix a Kanada, ta hau Dutsen Kilimanjaro da su a 2009. Gindinsu cirewa ake yi a sauya: akwai na ƙanƙara, akwai mai faɗi kamar faifai na tafiya cikin rairayi. Da na ga na rairayin sai da na ce a dawo min da shi baya, na tuna yadda sandata ke nutsewa idan na je ƙauyenmu da rani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ya nuna min wasu kuma, mai sifirin a ciki, da wadda ake kwantar da damtse a kanta don tafin hannu ya huta, da wadda mai karaya a idon sawu zai durƙusa a kai a ɗaure masa a cinya ya yi tafiya hannu sake. Duk sun yi kyau. Amma da dala ake sayar da su, kuma idan wani abu ya karye a ciki ba mai gyara maka a Kofar Ruwa.

Wanda na ga ya dace da mu shi ne labarin Jaipur ta Indiya. Can likita P. K. Sethi ya lura mutanen ƙauye suna ajiye ƙafar roba irin ta Turawa su koma sanda, domin an yi ta ne don mai sa takalmi ya zauna a kujera, su kuwa ba takalmi suke yawo, a ƙasa suke zama, tsugunno suke yi, cikin taɓo suke noma. Sai ya haɗa kai da wani mai sana'ar hannu, Ram Chandra Sharma, a 1968 suka fito da ƙafar da ke lanƙwasawa, ba ta tsoron ruwa, da roba da katako masu arha. Likita ya sauko ya zauna da mai sana'a, su biyun kuma suka saurari masu sawa.

To mu wa ya taɓa tambayarmu? Ga kaɗan daga abin da za mu faɗa. Da damina lungunanmu taɓo ne, da rani rairayi, a banki da asibiti da masallaci kuma tayil mai santsi, roba ɗaya ake so ta yi duka. A Adaidaita Sahu doguwar sanda ba ta da wurin zama, ko ta leƙa waje ko ta tokari na kusa da kai, wadda ake naɗewa ita ce magani. A tabarma muke zama mu ci abinci, kuma tashi daga ƙasa da sandar da mariƙinta ke can sama wani ƙaramin yaƙi ne. Sai babbar damuwata, wadda ban taɓa jin an ambata ba: kowa yana tuɓe takalmi a ƙofar masallaci, ni kuwa takalmin sandata da ya taka ruwan kwata da shi nake hawa kafet. Ba wanda ya taɓa ce min uffan, amma ina ganin ido. Na ɗinka wa sandunan 'yar safa da guntun yadi ina sa musu a bakin ƙofa, sai dai yadi a kan tayil santsi ne, na gyara tsarki na jawo faɗuwa. Ashe a duk ɗaliban injiniya na Jami'ar Bayero da kwalejojin fasaharmu ba wanda zai ɗauki wannan a matsayin aikin kammala karatu?

Masu hannu muna da su. 'Yan'uwanmu na ƙungiyar masu shan inna a nan Kano sun daɗe suna walda kekunan guragu masu ƙafa uku da kayan keke na kasuwa, wanda kowane mai gyaran keke zai iya taɓawa. Masana'antun Sharada da Bompai da Challawa suna zuba silifa da buta da bokiti ba adadi. Bututun sanda kuwa kaurinsa bai wuce kala biyu zuwa uku ba, galibi milimita 19 ko 22. Me zai hana a zuba robar gindi mai faifan ƙarfe a nan gida, a same ta a kowane kemis kamar yadda ake samun filasta? Yanzu sai ka zaga gari ba ka samu ba, wani lokacin a ce sai dai ka sayi sabuwar sanda sukutum.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya ce mutum sama da biliyan 2.5 ke buƙatar wani abin taimako, daga tabarau zuwa keken guragu, kusan biliyan 1 kuma ba su samu ba. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka a watan Agustan 2020, alhamdu lillahi, amma mu da ta riga ta taɓa muna nan, muna tsufa, kafaɗunmu suna ƙarewa. Ga waɗanda haɗarin babur ya karya, ga waɗanda ciwon suga ya sa aka yanke wa ƙafa, ga tsofaffinmu masu kwagiri.

Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shigarmu. Wa'adin ya cika tun farkon 2024. Inda aka yi gangaren ma, sau da yawa an miƙe shi kamar tsani an lulluɓe da tayil mai sheƙi, har gara matakalar. Ina kira ga Hukumar Nakasassu ta Ƙasa ta sa ido a nan, ta kuma sa ƙa'ida ga masu rabon sanduna: a zo da ma'aikacin gashi ya auna kowa, a haɗa wa kowane mutum da robar canji ko da biyu ce.

Duk ɗalibi ko mai masana'antar da ke son ganin abin da nake faɗa, ya tambayi tela mai sanduna a Fagge. Akwai wani kwalin madara a ƙarƙashin teburin yankana, na tara matattun robobi a ciki sun fi ashirin, kowace gefe ɗaya ta cinye. Zan juye masa su a kan tebur, in ba shi aron sandunan ya zaga layinmu sau ɗaya bayan an ɗauke ruwa.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani tela mai dogara sanda,
Fagge, Kano.