Yawancin kunyar da ake sha a wurin zance, aro da rashin tambaya ke jawo ta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana da samari da 'yan mata kan zancen farko, wanda ya fi kowanne haifar da labaran da ake tuntsira dariya a kansu a majalisa. Dariyar tana da daɗi, amma a bayan da yawa daga cikinsu akwai neman auren da ya watse a kan abin da tambaya ɗaya za ta gyara.

Tun daga aike ake fara tuntuɓe. Saurayi ya tsaya a ƙofar gida ya kira yaro ya ce, "Shiga ka ce ana sallama da Fatima." Gidan kuwa na gandu ne, Fatima uku ce a ciki. Yaro ya tsaya a tsakar gida ya kwarara kira, sai ga 'yar baffanta ta fito da kwalliya, ko kuma a leƙo a tambaya wane marar kunya ne yake kiran sunan tsohuwar gidan. A gidaje da yawa yarinyar da ta ci sunan kaka ba a kiran ta da shi, sai dai Ummi, ko Hajiya, ko Walida. Don haka kafin ka je, tambaye ta sunan da ake kiran ta da shi a gida, da ranar da aka yarda ta fito, da lokacin da maigida yake rufe ƙofa. Wanda ya zarce ƙarfe tara na dare, gyaran muryar uba daga zaure ko fitilar 'yan sintiri ce za ta sallame shi.

Sai babbar matsalar, wato aro. Shadda ta aboki, agogo na yaya, takalmin da ya matse ƙafa har mutum yana ɗingishi. Mota ta fi komai tona asiri, domin kowace tsohuwar mota tana da halin da mai ita kaɗai ya sani. An gama hira, an yi sallama cikin ƙasaita, a murɗa makulli ta ƙi tashi, ƙarshe ƙannen budurwa ne za su tura, ita kuma tana tsaye riƙe da tabarma. Wani kuma yana tsakiyar bayanin yadda ya sayi babur ɗin, mai shi ya kira yana cewa a dawo masa da abinsa zai je ɗaukar iyali, muryarsa tana fita tar a waya. Kayan aro ba ya rufe katara. In dole ne sai ka ara, duba mai, ka tambayi yadda ake tayar da ita, sannan ka faɗa wa yarinyar tun farko cewa ta aboki ce. Haka batun sana'a: yaron shago a Kantin Kwari da ya ce shagon nasa ne ya manta cewa yayyenta da gwaggonninta a can suke sayen atamfa. Yaron shago mai gaskiya kuwa, iyaye da yawa za su ba shi 'yarsu.

Ɗan rakiya ma a kula da shi. Aikinsa ya gaisa, ya ɗan sa baki a raha don kunya ta ragu, sannan ya ja gefe. In ka ɗauko wanda ya fi ka baki ka bar masa filin, kada ka yi mamaki in gobe lambarsa ake nema. Kuɗin da za ka ba ɗan aike da ƙanne, ka ware canjinsa a aljihu daban tun daga gida, don kada ka zaro kuɗin motar komawarka gaba ɗaya a gaban jama'a ka kasa mayarwa.

'Yan mata, ku ma da naku. Hoton da aka tace a waya har uwar da ta haife ki ba za ta gane ki ba, shi ke sa saurayi ya gaishe ki a zaure ya ce yana jiran yayarki. Sanya wa samari biyu dare ɗaya da fatan ɗaya zai makara yakan ƙare da su biyun a kan benci guda suna hararar juna. Shanya baƙo kusan awa guda don jan aji, da roƙon kati ko kuɗin anko a zaman farko, suna korar mai niyyar aure, su bar miki mai neman wasa.

Akwai inda dariya take ƙarewa. Wanda aka haɗu da shi a Facebook ko WhatsApp, a gidanku zai same ki, da sanin manya. In ya dage sai dai a haɗu a wani wuri, ko an yi zama uku ko huɗu bai faɗi unguwarsu da sunan mahaifinsa ba, ko ana ce masa ya turo magabata yana kwana-kwana, a rabu da shi.

Sannan batun gwajin jini, wanda ake jin nauyin tayarwa har sai an kai lefe. A 2024 jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, ciki har da na sikila. Idan namiji da mace duka rukunin jininsu AS ne, wato suna ɗauke da gadon sikila ba tare da suna ciwon ba, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai ciwon sikila. Tunda gwajin ba ya buƙatar sai an sa rana, kowane saurayi da budurwa su je su san nasu tun yanzu, a yi maganar a zama na biyu ko na uku, kafin zukata su shaƙu kuma kafin iyaye su shiga ciki.

Wassalam.

Naku,
Mai karatu daga Kano